Farin Yadin Gwaggo

Mu mutanen Makka ba mu iya ruwan sama ba. Da zarar hadari ya haɗo, sai ka ga dattijo mai jikoki ya fito tsakiyar titi ya ɗaga fuska sama kamar za a raba masa wani abu. Ranar da ruwan nan ya zo mana unguwar Mansur, ni ma abin da na yi ke nan. Na fito daga shagona na turare da carbi, na tsaya ina jiƙa gemu ina washe baki, har na kira matata a waya na ce ta leƙa taga ta ga rahama. Ban gama wayar ba rahamar ta gangaro daga kan dutse ɗauke da firjin wani.

An san ni da ƙarin gishiri a magana, ban musa ba. Amma ranar ko ni ban sami wurin da zan ƙara ba. Lungunmu a gindin dutse yake, duk ruwan da ya sauka a sama ta nan yake biyowa. Na ga tukunya tana tafiya da murfinta a rufe kamar an aike ta. Na ga katifa ta wuce da kyanwa a kai, ta miƙe ƙafa kamar ita ta yi shatar motar. Allah ya rufa asiri ba a rasa rai ba, amma duk mai ɗaki a ƙasa, laka ta shiga masa har ƙirji, ta fita da abin da ta ga dama.

Cikin masu ɗakin ƙasa har da Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta raine ni tun rasuwar mahaifiyata. A hanya aka haife ta, a wani ƙauye na Sudan, lokacin da iyayenta suka taso daga ƙasar Kano a ƙafa za su aikin hajji. Ɗinkin hula ne sana'arta, faɗa kuma shi ne hutunta. Idan ta fara yi maka faɗa a Mansur, ko ka gudu unguwar Utaibiyya za ka tarar da ƙarshensa yana jiranka. Ni da furfurata, da 'ya'yana da suka kere ni tsawo, ban taɓa shiga ɗakinta na fito ba tare da an lissafa mini aibina uku ba.

Maƙwabta ne suka fito da ita daga ruwan. Muka kai ta gidana a unguwar Zahir, ta kwanta ta juya fuska bango, shi ke nan. Mako ɗaya, biyu, ana neman na uku. An kai ta asibiti, likita ya auna komai ya ce bai ga ciwo ba. Abinci sai cokali biyu ta ce ta ƙoshi. Matata ta nuna mini yadda awarwaronta yake zamewa har gwiwar hannu. Na gwada duk dabarar da na sani. Na sayo hular inji, irin wadda take cewa ko jaki ba zai yarda a ɗora masa ba, na karkace ta a kaina na zauna a gabanta ina tari. Ta dube ni, ta dubi hular, ta mai da fuska bango. A nan ne tsoro ya kama ni sosai. Na gane Gwaggo ta yanke shawarar tafiya, jiran lokaci kawai take yi.

Wata rana da hantsi ina shago ina kankare laka daga kwalaben turare, sai ga Iya, maƙwabciyar Gwaggo ƙofa da ƙofa, mai tuyar ƙosai a bakin lungu. Ita ba ta hanyar Sudan ta zo ba. A zangon Hausawa na Wida aka haife ta, can bakin teku a ƙasar Benin, ta zo hajji da mijinta tana da ƙuruciya, ya rasu, ta zauna. Shekara da shekaru ita da Gwaggo suna musu a kan wadda ta fi iya Hausa.

"Yaya mutuniyar?" in ji ta.

"Tana nan yadda kika bar ta, Iya. Bango take kallo."

"Rabin lungun nan bango suke kallo, ɗan nan. Kai dai taka a gidanka take, shi ya sa ka gani. Mai tsire ya hura wuta tun ranar? Ka ji tela ya kunna rediyo?"

Gaskiya ta faɗa. An kwashe laka, an goge bango, amma lungun ya koma kamar gidan makoki da aka manta a tashi.

Ta jawo bokiti ta kifa ta zauna. Ta ce a garinsu maƙwabtan zango masu bautar gargajiya ne, wadda suke kira bodun, wani abu mai kama da borinmu na da. Idan gobara ta ci unguwa ko teku ya shigo gari, ba sa barin kowa ya yi kukansa shi kaɗai a ɗaki. Sai a shimfiɗa babban ƙyalle, kowa ya kawo guntun abin da ya rage masa, a ɗinke a kai.

"Amma da doka," in ji ta. "Ba ka ɗinka naka. Ka miƙa wa na kusa da kai, yana ɗinki kana ba shi labarin abin. In ya gama ka karɓi nasa. Su suna kiɗa, suna zuba abin sha a ƙasa, suna kiran abin da suke kira. Mu Allah ya raba mu da wannan. Ni allura nake so da zare."

"Iya, a Makka? So kike a kwashe mu duka a mota ɗaya?"

"Ka taɓa jin an kama mutum don ya riƙe allura?"

Ban taɓa ji ba. Kuma in faɗi gaskiya, tun kafin ta rufe baki jinina ya fara tsuma. Ni mutum ne da ko kujeru aka jera sai na tambaya taron me za a yi. Amma dole a bi ta wurin Malam, limamin ƙaramin masallacin lungu, mutum ne da idan ya ce "to" sai ka jira ka ga wace irin "to" ce.

Muka same shi bayan azahar, ni a gabansa, Iya daga bakin ƙofa. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. Sannan ya ɗaga yatsa. Ba kiɗa. Ba surar abu mai rai. Ba wanda zai ce ƙyalle yana warkarwa, Allah ne mai warkarwa.

"Na huɗu kuma," in ji shi, yana murmushin wanda ya san ya gama da mu, "maza da mata ba za su zauna wuri ɗaya ba. To ƙyalle ɗaya ne kuka ce. Ku gaya mini yadda za a yi."

"A sa labule, Allah gafarta Malam," in ji Iya. "Ƙyallen ya bi ta ƙarƙashi. Ku ku riƙe kai, mu mu riƙe ƙafa."

Malam ya ajiye carbinsa. Ya ce zai zo ya gani da idonsa, don kada a yi ɓarna. Ni na san son kallo ne.

Aka ɗora mini nemo babban ƙyallen. Ranar Juma'a da safe na tashi a makare, shagunan yadi duk a rufe sai bayan sallah, Iya kuma ta ce kafin rana ta yi zafi take son sa. Ina ta zagaye a gida sai idona ya kai saman kwabar kaya, ga wata baƙar leda. Na hau kujera na sauko da ita. Farin yadi ne, mai kauri, irin na da wanda yanzu ko ka haɗa da roƙo ba za ka samu a kasuwa ba, a naɗe tsaf, tsawonsa kuwa kamar za a shimfiɗa wa baƙo daga Zahir zuwa Mina. Na ce a raina ragowar yadin labule ne matata ta ɓoye. Tana kicin, na ce mata na fita, ban ce da me ba. Tela ya yanka shi uku, ya jera su gefe da gefe ya haɗe da keke. Yana yi yana yabon yadin, ni kuma ina karɓar yabon kamar ni na saƙa.

A saman benen gidan da Iya take haya muka shimfiɗa shi, aka danne gefuna da bulo. Ta zo da ƙwarya cike da garin masara. Ta durƙusa, ta ɗebo garin tsakanin yatsu, ta fara sako shi siriri a kan yadin, layi yana bin hannunta, kamar yadda ta ga ana yi a ƙasa a garinsu. Malam ya miƙa wuya har rawaninsa ya kusa faɗuwa.

"Wannan zanen mene ne?"

"Lungunmu ne, Malam. Ga masallacinka. Ga tukubar mai tsire, ga rijiya. Wannan da ya ratsa tsakiya hanyar da ruwa ya bi. Kowa zai ɗinka a gidan ɗan'uwansa."

Abu ɗaya ne ba mu lissafa ba, tattabarun Makka. Ban san wa ya ba su labari ba. Muna cikin yabon zanen sai sama ta yi duhu, suka sauko kamar alhazan sabon jirgi. Kuma kowa ya san hukuncin, a cikin harami ba a korar tsuntsu, ba a firgita shi. Ga mu nan manya-manyan maza, hannu a baya, muna kallo suna cinye lungunmu gida-gida. Mai tsire, ƙato ne da ƙofa take yi masa kaɗan, ya sunkuya yana ce musu, "Don Allah ku yi haƙuri, ku matsa." Wata ta tsaya a kan masallaci ta tsince shi tas. Malam ya ce, "Rabonta ne," amma muryarsa ba ta yi daɗi ba. Sai da aka zuba musu gero a can ƙarshen bene suka koma can, Iya ta sake zane, aka bi layin da zare da sauri. Sannan aka ɗaura igiya, aka rataya labule a daidai hanyar ruwan.

Bayan la'asar mutane suka fara hawowa. Na zaci goma za su zo. Sai da benen ya yi nishi. Kowa da ɗan abinsa a hannu yana ɓoyewa kamar abin kunya. Wani mariƙin buta, butar ta tafi. Wani makullin ƙofar da yanzu ba ta duniya. Gefen darduma, maɓallan rigar makaranta, guntun zanin aure, igiyar takalmi, murfin agogo. Aka yi bisimilla, aka yi salati, aka raba allura da basilla.

Da farko ba mai magana. Sai aka miƙa wa tela abin mai tsire, ƙaramin cokalin shayi da ya lanƙwashe.

"Wannan fa? Duk girman nan naka cokali ka kawo mana?"

"Na babata ne," in ji mai tsire. "Da shi take ba ni magani. Shi kaɗai na taho da shi daga Damagaram." Ƙaton nan ya rufe fuska da hannun riga ya yi kuka har da shessheƙa. Tela bai ɗaga kai ba, ya ci gaba da zagaye cokalin da jan zare, yana cewa, "Ina ji, ci gaba, wane irin magani?"

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Kuka a nan, dariya a can, wani yana yin duka biyun. Daga bayan labule muna jin na mata, su ma suna jin namu, kowa yana yi kamar bai ji ba. Sai ka ji an ja ƙyallen daga can, allura ta kuɓuce maka, gidan da kake ɗinki a kai ya shige ƙarƙashin labule ya ɓace.

"Iya, ku sako mana masallaci," in ji Malam.

"Ku sako mana rijiya tukuna. Wa ya ce maza su ja har nan?"

Malam ɗin da ya zo sa ido, kwana na biyu sai ga shi da maɗaurin gafakar littafin mahaifinsa a aljihu. Ni aka ba. Yana ba ni labari yana gyara mini riƙon allura, har na rasa wanne zan saurara. Da magariba a naɗe, gobe a dawo. Mai tsire ya hura wuta a kwana na biyun nan, hayaƙinsa ya hau har bene, muka yi ta shaƙa kamar turaren Indiya. Ina komawa gida in zauna bakin gadon Gwaggo in ba ta labari, da tattabaru da komai, ina ƙara gishiri iya ƙarfina. Ko motsi.

Kwana na uku, allura tana bakina, waya ta yi ƙara. Matata ce.

"Baban yara, baƙar ledar nan ta saman kwaba, kai ka ɗauka?"

"Yadin labulenki? Ki zo ki ga yadda ya yi kyau."

Ta yi salati.

"Likkafanin Gwaggo ne."

Allurar ban san inda ta faɗa ba, har yau ina zargin na haɗiye ta. Matata ta ce Gwaggo ce ta yi magana ɗazu, magana mai tsawo ta farko tun ruwan, ta ce a sauko mata da ledarta a ajiye kusa da kanta, tana jin lokaci ya yi. Tun ina yaro ta sayi yadin, ta wanke shi da zamzam da hannunta, ta shanya a farfajiyar Harami a zamanin da ake barin mutane su yi haka. Ranar ruwan, da aka fito da ita, shi kaɗai ta ɗoro a ka. Ita ta ba matata ta ce a ajiye mata a sama.

Na dubi ƙyallen. Mariƙin buta, cokali, makulli, maɓallai, da sawun tattabaru. Na matsa kusa da Malam na raɗa masa. Ya ce innalillahi, ya sunkuyar da kai, sai na ga kafaɗunsa suna rawa don dariya. Da ya samu numfashi ya ce yadi yadi ne har sai an naɗe mamaci a ciki, ba laifin da ya hau kan jama'a, amma ni na ɗauki kayan mutum ba izini, in je in durƙusa.

Ina neman takalmina wayar ta sake ƙara.

"Kada ka zo," in ji matata. "Mun taho. Ita ta sa abayarta da kanta. Ita ta tsai da tasi."

Matar da sai an riƙe ta take zuwa alwala, ita ce ta hau bene hawa uku. Tun tana hawa na farko muka fara jin ta.

"Ina ja'irin yake? Ina mai kan kabewar nan? Na raine shi da hannuna, ya rasa abin da zai sata sai kayan tafiyata?"

Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Muryar nan ce, ba abin da ya ragu. Tela ya damƙe hannuna yana cewa, "Ta dawo, ta dawo." Ni hawaye nake yi ina dariya ina neman inda zan ɓuya, duka a lokaci ɗaya.

Ta shiga ɓangaren mata. Aka ɗage gefen labule daidai inda nake, na durƙusa a kan hanyar ruwan. Ga ta tsaye tana haki, ta dafa kafaɗar matata, ta rame kamar sanda. Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai idonta ya sauka a kan ƙyallen. Ta bi shi da kallo daga wannan gefe zuwa wancan.

"A warware," in ji ta. "Duka. A ba ni abina."

Mai tsire ya dubi cokalinsa. Haƙƙinta ne, amma na san in aka warware, za ta koma da guntayen yadin ta kwanta ta rungume su, mu kuma mu koma yadda muke.

"Za a warware," in ji Iya. "Kayanki ne. Amma zauna ki huta, kada ki faɗo mana a kan rijiya." Ta tura mata kujera. "Kin gane lungun? Ga nawa ɗakin. Ga naki nan a gefen ruwa, shi kaɗai ne fari fat. Me kika kawo?"

"Me ya rage mini da zan kawo? Adakar uwata ta tafi da komai."

Iya ta kwance bakin zaninta ta fito da wani guntun saƙi, baƙin rini da ya koɗe, bai fi tafin hannu ba. Ta ce a jikin ƙarfen taga ta same shi a maƙale, ranar da ake kwashe lakar ɗakin. Gwaggo ta miƙa hannu. Iya ta janye.

"Ba a ɗinka na kai. Na kusa da ke zai ɗinka." Ta waiga, ta miƙo mini.

"Wannan? Wannan da ko zariyar wandonsa bai iya zurawa ba?"

"Shi ne kusa."

Na shimfiɗa guntun a kan ɗakin Gwaggo na soka allura. Ɗinki na farko ya tafi gabas. Na biyu ya nufi Jidda. Na uku na haɗa da gefen rigata. Ina jin numfashinta a kaina kamar murhu.

"Ƙanana, sakarai. Wa ya koya maka wannan tsallen? Kawo nan."

"Hannunki a cinya," in ji Iya. "Labari za ki ba shi."

Ta yi ƙwafa. Ta mai da hannu cinya. Na ci gaba da ɓarnata a hankali, da gangan nake ƙara karkacewa. Can sai na ji ta ce, da wata murya ƙasa-ƙasa, "Majanyi ne."

Da shi uwarta ta goya ta daga ƙauyen da aka haife ta har bakin teku. Da suka shiga jirgin ruwa na katako a tashar Sawakin, iska ta taso, uwar ta ɗaure ta a ƙirji da shi, ta ƙulla bakinsa a jikin katako, ta ce in za su tafi su tafi tare. Ta ba mu labarin kakana da yake yin noman ƙodago a hanya don su sami guzurin gaba, da wani yayanta da aka binne a wani gari da ba wanda ya riƙe sunansa. Abubuwan da ni da ta raina ban taɓa ji ba. Ta ce duk shaidar mutanen nan a adakar take, tasbahar uban, da ƙwaryar uwar, da majanyin. Da ruwa ya tafi da adakar sai ta ga kamar ba su taɓa yin tafiyar ba, kamar ita ma ba ta da dalilin zama.

"To ga mutum hamsin sun ji," in ji Iya. "Wa zai tafi da wannan?"

Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. Mata suka kama kuka, mai tsire ya taya su daga namu ɓangaren, shi dama a shirye yake. Ni na ƙulle zaren na cije shi.

Ta share ido ta sunkuyo ta duba aikina. Ta daɗe tana dubawa.

"Gwaggo, a warware?" na ce.

"A bar shi haka. Kowa ya ga irin ɗan da Allah ya haɗa ni da shi." Ta juya wajen mata. "Wace ce ba a ɗinka wa nata ba? Ke, kawo. Wani ya ba ni tabarau."

Aka kawo ƙosai da kunun gyaɗa. Tana ɗinki tana sauraron labarin matar, tana kai hannu faranti ba tare da ta lura ba. Matata tana ƙirgawa da ido, ta ɗaga mini yatsu bakwai ta ƙarƙashin labule. Ranar Gwaggo ba ta koma Zahir ba. Ta ce nisa ya yi yawa da wurin aiki, ta sauka a ɗakin Iya, suka ɗora musunsu daga inda suka tsaya.

Ni kuwa abin yana cina. Na zaga kasuwa na samo farin yadi mafi kyau da ake da shi, duk da bai kama ƙafar wancan ba. Na jiƙa shi da zamzam a baho da hannuna, na shanya, na naɗe, na sa a sabuwar leda. Kafin in gama wannan hidima labari ya kai lungun sama, su ma ruwan ya taɓa su, suka fara gangarowa da nasu guntayen, ga shi ƙyallen ya cika ba wurin ko maɓalli ɗaya.

Na hau bene bayan la'asar na durƙusa a bakin labule na tura mata ledar.

"Gwaggo, ga madadin abin da na ɓata. Ki yafe mini."

Ta buɗe, ta murza yadin tsakanin yatsu, ta taɓe baki. Ta warware shi ta fara aunawa da kamu, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, tana ƙirgawa a hankali. Ta dubi mutanen lungun sama da ke tsaye da kayansu a hannu.

"Miƙo almakashi," ta ce wa matata.

"Gwaggo, wannan fa shi ne na..."

"Na san ko na mene ne. Mutanen nan a kan me za su ɗinka, a kan kaina?" Ta kafa almakashi ta tsarge yadin gida biyu. Ta turo mini rabi ta ƙarƙashin labule. "Kai wa tela ya haɗa daga ɓangarenku. Kuma ka gaya masa ya bi a hankali, ba sauri nake yi ba."